Kwana 66 ina koyon zaman natsuwa

Litinin, 1 ga Satumba, 2025. Rana ta 1

Na sa agogon waya ya buga bayan minti 5, na kifa wayar a kan tebur, na zauna a kujera, na rufe ido. Aikin guda ɗaya ne. In bi numfashina, duk lokacin da iska ta fita in ƙirga, daga 1 har 10, sannan in sake farowa. In lissafi ya ƙwace mini, in koma 1.

Ban wuce 4 da hankalina a wurin ba ko sau ɗaya. Ina kai 3 sai ga ni ina tsara amsar da zan ba wani abokin aiki. Na dawo. Ina kai 2 na tuna da wani saƙo da ban amsa ba tun shekaranjiya. Na dawo. Can kuma sai na ji ina cewa 17, 18 a zuci. Ashe ƙirgar ta ci gaba da tafiya ita kaɗai, mai ƙirgar ya daɗe da barin wurin.

Abin da ya kawo ni nan ya faru ne a makon jiya. 'Yata mai shekara 7 ta tsaya a gabana tana ba ni labarin abin da ya faru tsakaninta da ƙawarta, ina kallonta, ina gyaɗa kai. Da ta gama sai ta ce, "Baba, me na ce?" Na rasa ko kalma ɗaya. Babu waya a hannuna, ba wanda ya kira ni. Ina can ne cikin wata gardama da aka gama tun da rana, ina saƙa ina warwarewa. Ba ta yi kuka ba, juyawa kawai ta yi ta tafi, kuma wannan juyawar ce ta hana ni barci.

Na sha ganin ana kiran abin nan "zuzzurfan tunani". Sunan ya daɗe yana kore ni, domin tunani shi ne ya yi mini yawa. A wannan littafin zan kira shi zaman natsuwa. Atisaye na ɗauke shi, irin wanda ake yi wa jiki, sai dai wannan na hankali ne.

Talata, 2 ga Satumba. Rana ta 2

Minti 5. Na buɗe ido sau biyu na duba ko agogon ya tsaya. Bai tsaya ba. Gobe zan ajiye wayar inda hannuna ba zai kai ba.

Alhamis, 4 ga Satumba. Rana ta 4

Jiya na bar kujera na sauka ƙasa na tanƙwashe ƙafafu, saboda haka nake ganin masu abin a hoto. Kafin minti 3 ƙafar hagu ta sage, minjirya ta kama ta, gadon bayana ya lanƙwashe kamar baka. Zaman gaba ɗaya ya koma zancen ƙafa. Akwai jijiyar da ke bi ta gefen gwiwa dab da fata, ita ce ke dannuwa idan an naɗe ƙafa da ƙarfi, kuma da an saki takan warware.

Yau na gwada sa matashi biyu a ƙarƙashina don ƙuguna ya ɗara gwiwoyina tsayi. Nan take baya ya miƙe ba tare da na tilasta masa ba. Duk da haka kujerar na koma. Tafin ƙafa biyu a ƙasa, na matso gaba kaɗan ban jingina ba, hannaye a kan cinya, haɓa ta ɗan sauko. Wanda gwiwarsa ke ba shi matsala kada hoto ya ruɗe shi, kujera ta wadatar.

Lahadi, 7 ga Satumba. Rana ta 7

Mako guda, minti 35 ke nan duka-duka. Na tashi daga zaman yau raina a ɓace, ina jin kamar kowa na iya wannan abu sai ni.

Da rana na karanta wani bincike da ya sassauta mini. A 2010 Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert na Jami'ar Harvard a Amurka sun yi amfani da wata manhajar waya da ke tuntuɓar mutane ba zato a cikin yini, tana tambayarsu me suke yi, me suke tunani, yaya ransu yake. Daga amsoshin mutum 2,250 suka gano cewa a kashi 46.9 cikin 100 na lokutan, hankalin mutum yana kan wani abu dabam da wanda yake yi. Kusan rabin rayuwar farke ke nan. Sun kuma ga cewa mutane sun fi rashin jin daɗi a lokutan da hankalin ya tafi yawo.

Wato abin da nake gani a kan kujera ba kujerar ce ta kawo shi ba. Haka nake wuni. Bambancin kawai, a cikin minti 5 ɗin nan na tsaya ina kallo.

Laraba, 10 ga Satumba. Rana ta 10

Kwana uku ina yaƙi. Da tunani ya ɗago kai sai in danne shi, in cije haƙora, in ce yau sai kaina ya zama fayau. Nakan tashi da ciwon goshi, kafaɗu a ɗage har kusan kunne.

Ashe an daɗe da gwada wannan dabara, an ga ba ta ci. A 1987 masanin halayyar ɗan Adam Daniel Wegner ya sa mutane su yi minti 5 suna ƙoƙarin kada su tuna da wata farar dabba, su kaɗa ƙararrawa duk lokacin da ta faɗo musu. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa. Da aka sake su aka ce yanzu su tuna da ita, sai ta fi zuwa musu fiye da waɗanda ba a taɓa hanawa ba. Dalilin a fili yake idan ka duba: kafin ka tabbatar ba ka tunanin abu, sai ka leƙa ka gani ko yana nan, kuma leƙen shi ne tunanin.

To, in ba korar tunani ake yi ba, me ake yi? Amsar da ta zauna mini ta fito ne daga aikin Wendy Hasenkamp a Jami'ar Emory, wanda aka buga a 2012. Ta sa mutum 14 da suka saba da wannan zama cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suna bin numfashi, su danna maɓalli da zarar sun farga hankalinsu ya tafi. Su ma suna ta dannawa. Ta zayyana abin a matsayin zagaye mai gaɓa huɗu: hankali ya zame, mutum ya farga, ya juyo da shi, ya riƙe na ɗan lokaci, sai kuma a sake. Ni duk kwanakin nan gaɓa ta huɗu kaɗai nake lissafawa a matsayin nasara, sauran ukun ina ɗaukarsu faɗuwa. Alhali fargar da juyowar su ne ainihin ɗaga nauyin. Wanda ya zame sau 20 ya dawo sau 20 ya yi atisaye 20.

Daga yau idan na farga, ba zan tsaya yi wa kaina faɗa ba. Faɗan ma wani yawon ne. Zan ce "na dawo" a zuci, in koma 1.

Asabar, 13 ga Satumba. Rana ta 13

Na sauya lokaci. Da dare nake zama, bayan kowa ya kwanta, kuma dare biyu a jere gyangyaɗi ne ya ƙare zaman. Ƙarar agogo ce ta farkar da ni, kaina a kan ƙirji. Na mayar da shi safe, kafin in taɓa waya. Na kuma ɗaura shi a jikin abin da ba ya wuce ni: ina wanke fuska, sai kujera. Ba na tsayawa shawara da kaina, domin na lura duk ranar da na tambayi kaina ko in zauna yanzu ko an jima, an jima ce ke cin nasara.

Idan barci ya taso, ina ɗan buɗe ido in sauke su ƙasa kamar taku biyu a gabana, ba tare da na ƙura wa komai ba. Yana taimakawa. Amma gaskiyar magana, mai bashin barci barci yake buƙata, don haka na matso da lokacin kwanciyata da rabin awa.

Alhamis, 18 ga Satumba. Rana ta 18

Kwana uku ban zauna ba. Litinin na makara. Talata na ce ai na riga na karya. Laraba ban ma tuna ba sai da na kwanta.

Makarar Litinin ba ta dame ni ba kamar maganar Talata. "Ai na riga na karya" ita ce ta kashe mini abubuwa da yawa da na faro a baya. Wani bincike na Phillippa Lally da abokan aikinta a wata jami'a a Landan, wanda ya fito a 2009, ya bi mutum 96 na tsawon mako 12 suna ƙoƙarin saba wa kansu da wani ƙaramin abu kullum, kamar shan kofin ruwa ko gudun minti 15. Tsaka-tsakin lokacin da abin ya ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, wasu 18, wasu kuma lissafi ya nuna sai sun kai 254. Abin da ya fi yi mini amfani a ciki shi ne, tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba.

Don haka na ba wannan littafi wa'adin kwana 66 kafin in yanke hukunci, na kuma kafa wa kaina doka: ranar da ba hali, numfashi 10 ma zama ne. Yau na yi minti 5 ɗina.

Lahadi, 21 ga Satumba. Rana ta 21

Ƙaiƙayi ya taso mini a gefen hanci, wajen hagu. Hannuna ya riga ya tashi daga cinya kafin in sani. Na mayar da shi, na ce bari in ga abin da zai faru in ban sosa ba.

Da farko ɗigo ne kamar bakin allura. Sai ya faɗaɗa, ya yi zafi-zafi, idona na hagu ya kawo ruwa. Tare da shi wata murya ta taso tana cewa ba zan iya jurewa ba, in sosa kawai, me ya yi saura. Na lura abu biyu ne daban: ƙaiƙayin yana kan fata, matsin kuma yana cikin ƙirji da yatsu. Na yi numfashi wajen 6 ina kallon su biyun. Ƙaiƙayin ya fara motsi, ya rabu kamar gida biyu, ya dusashe. Ban san lokacin da ya tafi ba, domin kafin nan hankalina ya koma kan wani abu.

Ƙaramin abu ne, amma na wuni ina tuna shi. Ban taɓa ganin wata buƙata ta taso, ta kai ƙololuwa, ta faɗi da kanta ba tare da na biya mata ba. A sanina, in ta taso sai an biya.

Alhamis, 25 ga Satumba. Rana ta 25

Wani kuskure da na daɗe ina yi ban sani ba: ina jan numfashin da kaina, dogo-dogo, da ƙarfi, wai don in ji shi sosai. Yau har jiri ya ɗebe ni, yatsuna suka yi tsam-tsam. Idan mutum ya yi ta zuƙa yana fitarwa fiye da buƙatar jiki, iskar da jiki ke fitarwa takan ragu a jini fiye da kima, hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa su tsuke, jiri ya biyo baya. Baligi da ke zaune yakan yi numfashi 12 zuwa 20 a minti, jiki kuma ya san aikinsa tun ranar haihuwa.

Sakin ragamar ya fi wuya fiye da yadda na zata. Da na sa ido a kan numfashi sai in karɓe shi. Dabarar da ta yi mini aiki ita ce, bayan iska ta fita in jira, kada in ja, in bar ta ta shigo da kanta. Akwai ɗan shiru a wurin, sannan ciki ya taso. Na kuma bar bin iskar a ƙofar hanci, na koma ciki, na ɗora tafin hannu a kan cibiya. A can ya fi fitowa fili a wurina.

Numfashi uku na farko kaɗai nake tsawaitawa da gangan, musamman fitarwar. Bugun zuciya yakan ɗan ƙaru idan ana shaƙa, ya ragu idan ana fitarwa, ta hanyar wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya zuwa zuciya da ciki. Na sa yatsa a wuyan hannuna na ji hakan da kaina.

Litinin, 29 ga Satumba. Rana ta 29

Na ƙara zuwa minti 10. Wajen minti na 6 gundura takan sauko, mai nauyi, jiki ya ce tashi, akwai abin yi. A 2014 Timothy Wilson na Jami'ar Virginia ya bar mutane su kaɗai a ɗaki na minti 15, ba waya ba littafi, sai wani maɓalli da ke jan mutum da wutar lantarki. Dukkansu sun ɗanɗana jan tun farko, akasarinsu suka ce za su biya kuɗi don kada a sake yi musu. Duk da haka, a cikin waɗanda suka ce za su biya ɗin, maza 12 cikin 18 da mata 6 cikin 24 sun danna da hannunsu. Da na karanta, tausayinmu ne ya kama ni. Zama shiru da kai ba ƙaramin abu ba ne.

Ina yi wa gundurar yadda na yi wa ƙaiƙayi. Tana zaune a cinyoyi da bayan wuya.

Lahadi, 5 ga Oktoba. Rana ta 35

Wannan makon na fara sa wa tunani suna idan na kama shi, kalma ɗaya, a hankali: "shiri", "tuna baya", "gardama", "damuwa". Sannan in koma ciki. Bayan zama nakan rubuta wanda ya fi yawa.

Kwana 5 cikin 7, gardama ce. Kuma da mutum ɗaya ne, wani na gaba da ni a wurin aiki wanda ya yi mini magana mai zafi a gaban mutane watanni huɗu da suka wuce. Shi ya yi maganarsa sau ɗaya ya wuce. Ni kuwa kullum da safe sai na sake kiran taron, na zaunar da kowa a inda ya zauna, na ba shi amsar da ban ba shi ba a ranar. Da an tambaye ni a watan Agusta, da na rantse na manta da zancen.

Sa sunan bai kore ta ba. Abin da ya canza shi ne tsawonta. Da sai ta kwashe ni minti biyu ko uku, har zuciyata na bugawa. Yanzu sau da yawa ina kama ta tun a jimlar farko, in ce "gardama", sai ta zama kamar rediyon maƙwabci, ina jin sa amma ba da ni ake ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba. Rana ta 39

Yau ban ƙarasa ba. Wajen minti na 7, komai ya lafa, sai ga ɗakin asibitin da mahaifina ya yi jinyarsa ta ƙarshe, da ƙarar na'urar da ke gefen gadon, da yadda hannunsa ya yi sanyi a cikin nawa. Shekara uku ke nan. Ƙirjina ya ɗaure, numfashi ya gagara, kuma duk yadda na mayar da hankali kan numfashin sai abin ya ƙaru. Na buɗe ido, na danna tafin ƙafafuna a ƙasa, na kira sunayen abubuwan da ke gabana ɗaya bayan ɗaya, tebur, labule, ƙofa, har na dawo ɗakin da nake. Sannan na yi kuka, wanda rabona da shi tun ranar.

Asabar, 11 ga Oktoba. Rana ta 41

Jiya na kira yayata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, na gaya mata. Na ce, "Yaya, anya ba illa nake yi wa kaina ba?" Ta yi mini tambayoyi: ina barci, ina cin abinci, abin yana dawo mini da rana, ina jin tsoron zama ni kaɗai? Na ce barci lafiya, kuma bai dawo ba. Ta ce to in rage, in bar ido a buɗe, kada in matsa. Ta ƙara da cewa in ya ci gaba da dawowa ko ya hana ni barci, in daina in je in ga likita, kada in ce zan yi maganinsa da zama.

Maganarta ta dace da abin da masu bincike suka gani. Willoughby Britton da Jared Lindahl na Jami'ar Brown sun wallafa wani aiki a 2017 bayan doguwar hira da mutum 60 masu wannan zama, waɗanda suka ba da labarin tsoro, firgici, rashin barci da dawowar tsofaffin raunukan zuciya. Ina ganin ya kamata a riƙa gaya wa mai farawa wannan tun ranar farko, musamman wanda ya taɓa shiga wani mummunan tashin hankali ko yake fama da ciwon damuwa. Masu tallar abin a intanet sun cika nuna shi kamar ruwan sanyi wanda ba ya ƙware kowa, kuma wannan bai yi mini daɗi ba.

Kwana biyun nan tafiya na yi maimakon zama. Taku 10 zuwa bango, in juyo, a hankali, hankalina a tafin ƙafa: ɗagawa, miƙawa, saukewa. Na kuma koyi jingina da sauti. In numfashi ya yi nauyi, sai in saurari duk abin da kunne ya kawo, na kusa da na nesa, ba tare da na bi shi ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba. Rana ta 46

Na koma kujera tun Litinin, minti 8, ido a ɗan buɗe.

Yau a wurin aiki saƙo ya shigo daga mutumin nan, mai gajeren lafazi kamar kullum. Kafin in gama karantawa na ji zafi ya hau bayan wuyana, muƙamuƙina ya ɗaure, yatsuna sun riga sun hau kan kwamfuta. Na gane shi. Shi ne matsin nan na ranar ƙaiƙayi, a wuri ɗaya ma yake zama. Na janye hannu na yi numfashi uku. Fushin bai tafi ba, amma na sake karanta saƙon, na ga tambaya ce kawai yake yi game da wata rana. Na ba shi ranar.

Lahadi, 19 ga Oktoba. Rana ta 49

Na daka wa 'yata tsawa a kan ruwan da ta zubar a kan takarduna. Babu numfashi uku, babu komai, sai da maganar ta fita na ji ta. Na rubuta wannan ne don kada shafin Alhamis ya sa in ɗauka na zama wani mutum dabam. Na je na same ta bayan 'yan mintoci na ce ta yi haƙuri, tsawar ta fi laifin girma. A da sai in kai dare ina kare kaina a zuci.

Lahadi, 26 ga Oktoba. Rana ta 56

Mako 8. Wannan ne tsawon shirin da Jon Kabat-Zinn ya kafa a 1979 a asibitin koyarwa na Jami'ar Massachusetts, domin masu ciwo mai daɗewa da magani bai gama musu ba. Ya ɗauko hanyoyin ne daga al'adar zaman mabiya Buddha, ya tsara su yadda kowane majinyaci zai iya yi a matsayin horo na asibiti. Mafi yawan binciken da ake ambata a kan wannan shiri da ire-irensa aka yi. Su kuwa suna haɗuwa da malami awa biyu da rabi kowane mako, su yi kusan minti 45 a gida kullum. Ni minti 5 zuwa 10 nake yi, ni kaɗai. Bai kamata in ɗora wa ɗan zamana alkawarin da aka auna a kan nasu ba.

Ko nasu ma alkawarin yana da iyaka. A 2014 Madhav Goyal da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins sun tattara gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutum 3,515. Sun samu matsakaiciyar hujja cewa irin wannan horo yana rage fargaba, ciwon damuwa da raɗaɗin ciwo. Ba su samu isasshiyar hujja a kan barci ko ƙarfin mayar da hankali ba, ba su kuma ga ya fi magani ko motsa jiki ba. Wannan ya kwantar mini da hankali fiye da duk wani kirari da na ji ana yi wa abin, domin ya yi daidai da girman abin da nake gani a jikina. Wanda likita ya ɗora a kan magani ya ci gaba da shan abinsa.

Wani abu kuma da na daina: auna zama da daɗinsa. Ranar Talata zaman ya yi lumui, na kai 10 sau uku a jere, na tashi kamar an sauke mini kaya. Laraba na zauna ina neman irin na Talata, sai na ƙare da takaici. Herbert Benson, likitan zuciya na Harvard da ya yi nazarin wannan tun shekarun 1970, ya taƙaita hanyar a abu biyu, maimaita abu ɗaya, da komawa gare shi ba tare da damuwa ba idan tunani ya shigo. Na biyun nan ne nake ta koyo har yanzu.

Laraba, 5 ga Nuwamba. Rana ta 66

Na ƙirga shafukan. Na zauna ko na yi tafiyar a kwana 58 cikin 66. A cikinsu kwana 6 numfashi 10 ne kawai, a bakin gado. Bai zama jiki irin na wanke fuska ba tukuna, amma ranar da ban yi ba ina jin giɓinsa kafin hantsi. Har yau da wuya in kai 10 sau biyu a jere. Gardamar tana zuwa, sai dai ba kullum ba. Ɗakin asibitin ya dawo sau ɗaya, na buɗe ido, na zauna da shi kaɗan, ya wuce.

Zan ci gaba. Daga Litinin minti 12, kuma zan gwada barin ƙirga a rabin ƙarshe, in bi tashin ciki da saukarsa kawai. Ina kuma neman wanda ya daɗe a abin, mai koyarwa ido da ido, domin akwai tambayoyin da karatu bai amsa mini ba, musamman yadda ake zama da baƙin ciki ba tare da an nutse ba.

Daren jiya 'yata tana ba ni labarin wani wasa da suka yi a makaranta, mai dogon bayani, da wanda ya fara da wanda ya yi rinto. A tsakiya na farga ba na nan, ina lissafin aikin gobe. Na ce, "Tsaya, uwata. Hankalina ya tafi daga inda kika ce an raba ku gida biyu. Koma daga nan." Ta dube ni, ta ce, "Baba, ai na wuce nan da nisa." Ta gyara zama, ta faro daga inda aka raba su gida biyu.